Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnonin Arewa: Ku Saki Kuɗin Rigakafi Kafin Saukar Damina

Masu girma Gwamnonin jihohin Arewa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, irin waɗanda ake samu a ƙaramin asibitin ƙauye suna awon ciki, suna allurar jarirai, suna raba gidan sauro. Magana guda ce ta sa na rubuto muku, wato kuɗin rigakafin cututtuka. Roƙona shi ne ku ɗauke shi yadda kuke ɗaukar albashi, abin da ake fitarwa a kan lokaci ko da wane hali baitulmali ke ciki. Ina kuma so ku cire shi daga sahun ayyukan jinƙai ku mayar da shi sahun noma da kasuwanci, domin abin da cuta ke ci a Arewa dukiya ce, kuma daga rumbun talaka take cinta.

Ranku ya daɗe, ku dubi watan Agusta a kowane ƙauye daga Argungu zuwa Gashuwa. Hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, na bana bai nuna ba, aikin gona kuma ya kai maƙura. A daidai wannan lokaci ne zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da gida. Yaro ya kwana biyu da zafin jiki, an sayo magani a kemis bai ji ba, a rana ta uku ya fara jijjiga. Uwa ta goya shi, uba ya ajiye fartanya ya nemo mashin zuwa babban asibiti. A can akwai kuɗin kati da na gwaji da na allura, in jininsa ya ƙone a nemi leda, ga abincin masu jinya. Manomi ba shi da ajiya a banki. Tunkiya yake kaiwa kasuwa, kuma mai saye ya san a matse yake. In babu dabba sai ya ci bashi a hannun ɗan kasuwa da alkawarin biya da buhu in kaka ta yi, a farashin da mai kuɗi ya yanka. Kafin a sallamo su ciyawa ta ci gero, lokacin maimai ya wuce. Ko da Allah Ya tashi kafaɗun yaron, gidan nan ya shiga shekara mai zuwa da gibi. In kuwa ciwon ya maimaita a kan ƙanensa, to ɗan da ke makaranta ne za a cire, ko kuma maigida ya tafi cin rani tun kafin a gama girbi.

Sama da kashi 70 cikin ɗari na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fita kai tsaye. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka kai mu a wannan. Kuma bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya 'yan Najeriya ne, haka kusan kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwa da shi. Nauyin ya fi karkata wajenmu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya samu ƙwayar cutar a jinin kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi, alhali a Legas ba su wuce biyu cikin ɗari ba. Binciken ya kuma nuna cewa a Arewa maso Yamma yara 187 cikin kowane dubu ba sa kaiwa shekara biyar. Kowane ɗaya daga cikinsu sai da iyayensa suka yi ɗawainiya kafin ya rasu.

Abin da ke ci mini rai shi ne mun san maganin wannan, muna ma yin sa. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yaran yankin Sahel 'yan wata uku zuwa shekara biyar maganin kariya sau ɗaya a wata muddin damina, kuma a Katsina aka fara gwada shi a ƙasar nan a 2013. Gwaje-gwajen da aka yi kafin a amince da shi sun nuna yana rage kamuwa da zazzaɓin da kusan kashi uku cikin huɗu. Mu da ke asibitocin ƙauye ba mu buƙatar takarda ta gaya mana, domin muna ganin bambancin layin safe a shekarar da masu rabo suka shiga gida-gida da wuri da shekarar da suka makara. Kuɗin da ake kashe wa yaro guda a wannan shiri duk damina bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Amma wa ke biya? Akasarin maganin da alawus ɗin masu rabo da gidajen sauron daga Asusun Global Fund da ƙungiyar Malaria Consortium da gwamnatin Amurka suke zuwa. Mun ɗora lafiyar daminarmu a kan aljihun baƙi, kuma baƙin sun fara janyewa. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, daga baya ta rushe USAID, hukumarta da ke raba wannan tallafi, Birtaniya ma ta sanar da rage nata. Ƙungiyar Gavi da ke taya mu sayen alluran rigakafi ta tsara cewa zuwa 2028 Najeriya za ta ɗauki nauyin kanta. Babu wanda ya yaudare mu, an faɗa mana tun da wuri.

Maganar allurar yara kuwa ta fi shafarku kai tsaye. Gwamnatin tarayya ce ke sayo alluran ta kawo su ma'ajiyar jiha. Daga nan zuwa cinyar jariri aikin jiha ne da ƙaramar hukuma: firij mai aiki da hasken rana da mai gyara shi in ya lalace, man mashin da zai kai ma'aikaci rugar da ke bayan rafi, ɗan alawus ɗin fita, da ma'aikacin kansa. A nan ne abin ke mutuwa. Sau da yawa allura tana nan a ajiye, yaran suna can, abin da ya raba su kuɗin mai ne da bai taka kara ya karya ba. Haka muka wayi gari Najeriya tana kan gaba a duniya wajen yawan yaran da ba a taɓa yi musu ko allura ɗaya ba, sama da miliyan biyu, kuma yawancinsu namu ne.

Mun ga sakamakon. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ta zama cibiyarsa, ya bazu Yobe da Katsina da Borno da Bauchi, ya kama dubban yara ya kashe ɗaruruwa. Mashaƙo cuta ce da ƙasashe da yawa suka manta da ita, kariyarta tana cikin allurar nan mai haɗin biyar da ake yi wa jariri a sati shida da goma da sha huɗu. Mafi yawan waɗanda ya kama ba a yi musu ba. Da abin ya faru sai ga kuɗi sun fito: aka buɗe wuraren killace marasa lafiya, aka nemo maganin karya dafin cutar wanda ko a duniya ƙaranci yake, aka fita gangamin gaggawa. Duk wanda ya kwatanta abin da aka kashe a watannin nan da abin da man mashin da gyaran firij za su ci a shekaru biyar da suka gabace su, zai san inda asara take. Iyayen da suka binne 'ya'yansu kuma babu lissafin da zai mayar musu.

Manyanku ba su manta sanƙarau na 1996 ba. Ya kama sama da mutum dubu ɗari, ya kashe fiye da dubu goma sha ɗaya, har Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya shiga aikin Hajji a shekarar. Bayan shekaru aka samar da allurar MenAfriVac wadda kuɗinta bai kai rabin dala ba, aka fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso mu a 2011. Nau'in sanƙarau na A da ya addabi kakanninmu duk bazara ya kusa ɓacewa. Da nau'in C ya taso a 2017 ya samu Zamfara da Sakkwato da Katsina ba shiri, ya kashe sama da mutum dubu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar a haɗe. A ƙarshen shekarar kuma aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa. Kayan aikin da likitocin da suka gabace mu suka yi fatan gani yau suna hannunmu. Saura a kai su ga mutane.

Masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun yi lissafi a 2016 a kan ƙasashe 94 masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Sun gano cewa kowace dala ɗaya da aka zuba a allurar yara tana kare asarar dala 16 ta kuɗin magani da ranakun aikin da iyaye ke rasawa da abin da yaron zai samar in ya girma. Ban san wata kwangilar gwamnati da ke mayar da irin wannan riba ba. Sai dai gaskiya ita ce ribar ba asusun jiha take faɗawa a ƙarshen wata ba. Tana zama ne a tunkiyar da ba a sayar ba, da buhun da ba a ba da jingina ba, da yarinyar da ta ci gaba da zuwa aji. Daga can take zagayowa kasuwa, mai shago ya yi ciniki, mai mota ya samu lodi, harajin da kuke ta neman hanyar ƙarawa ya samu inda zai fito. Wani ɓangaren ma sai bayan shekara ashirin, lokacin da yaron da ƙyanda ba ta makantar ba, shan inna bai gurgunta ba, tamowa ba ta daƙushe masa ƙwaƙwalwa ba, ya zama magidanci mai sana'a. Na san wa'adin mulki shekara huɗu ne, kuma na san gini ana yanka masa ƙyalle a ɗauki hoto, yaron da bai kamu da ciwo ba kuwa babu mai nuna shi a talabijin. Ba na ƙin manyan asibitoci, muna tura musu marasa lafiya kullum. Amma ku shiga ɗakin yara na kowane babban asibiti a watan Satumba ku ga biyu-biyu da uku-uku a gado guda. Mafi yawansu cututtukan da aka iya tarewa tun a ƙauye ne suka kawo su, kuma ko gadaje nawa kuka ƙara haka za su cika.

A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kusantar wannan ba, galibi tana kai-komo ne wajen kashi biyar. Wasu jihohinku sun kai kashi 15 ɗin a rubuce, kuma sun cancanci yabo. Amma mu a ƙasa abin da aka saki muke gani. Sau nawa kuɗin gangami ke fitowa bayan gangamin ya wuce? Sau nawa masu rabon magani ke bin alawus ɗin bara har damina ta zagayo? Rigakafi da lokaci yake tafiya. Maganin da ya kamata yaro ya sha a Yuli in ya zo a Oktoba an yi asarar kuɗin, an yi ta yaron. Sannan in aka buɗe kason lafiyar aka duba, kaso mafi tsoka na gine-gine ne da sayen na'urori, abin da ya rage wa matakin farko bayan albashi ɗan kaɗan ne.

Ba sai kun ƙirƙiro sabon tsari ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, aka fara sa shi a kasafi a 2018, kuma dokar ta ce jiha ta kawo nata kaso 25 cikin ɗari. Inda kuɗin nan ke shiga asusun asibiti kai tsaye, kwamitin unguwa na sa ido, mun ga an gyara rufi, an sayi magani, an ɗauki ungozoma. Sai dai asibiti ɗaya ne a mazaɓa yake samu, sauran suna kallo. Akwai kuma darasin Kano na 2013, lokacin da jihar ta ƙulla yarjejeniya da Gidauniyar Dangote da ta Bill da Melinda Gates aka buɗe asusu na musamman don allurar yau da kullum, da sharaɗin kason jiha ya riƙa ƙaruwa duk shekara har ta ɗauke nauyin gaba ɗaya. Bauchi ta bi, sannan Borno da Yobe da Kaduna da Sakkwato. Sirrin tsarin shi ne kuɗin suna killace, ba a taɓa su don wata hidima, kuma suna isa kafin ranar aiki. Irin wannan nake roƙon kowace jiha ta yi da kuɗinta, ta kuma faɗaɗa shi ya haɗa maganin damina da gidan sauro da awon ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kason da kuke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai. Talakan da ke biyan tsadar man yana da haƙƙin ya ga wani abu ya dawo masa ta ƙofar asibitin garinsu.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna mana fuska biyu ta wannan al'amari. A 2006 gwamnatinsu ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta, bayan ta giggina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, ta haɗa da rabon gidan sauro da sinadarin bitamin A. Mutuwar ƙananan yara ta sauko daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009, a ƙasar da ba ta kai mu arziki ba. Daga baya gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗin aikin da suka yi kyauta, bashi ya taru, kantocin magani suka bushe, iyaye suka koma saye a waje. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Shelar magani kyauta ba tare da kuɗi a ƙasa ba tana zubar da mutuncin ma'aikaci, domin shi uwa ke kallo ido da ido ya ce mata babu.

Za a ce muku mutanenmu ne ba sa yarda da allura. Akwai ƙamshin gaskiya, kuma tsoron yana da tushe. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar 1996 ya bar tabo, kuma yana cikin abin da ya rura ƙauracewa ɗigon shan inna a 2003, wadda ta sa cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Amma an shawo kan wannan da taimakon Mai Alfarma Sarkin Musulmi da sarakuna da hakimai da malamai, har aka tabbatar a Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Abin da magidanta ke faɗa mana a ƙofar gida a yau ya fi kama da ƙorafi. Suna cewa, kullum kuna biyo mu da ɗigo kyauta, amma ran da yaro ya kwanta muka je asibitinku ko farasitamol babu. Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarta tana cikin kasafinku. Asibitin da uwa ta samu ungozoma da dare, ta samu magani a kanta, shi take komawa da jaririnta ranar allura ba tare da mai unguwa ya aika mata ba.

Haka batun ruwa da tsafta. Iyayenmu sun san duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa da masai da kwata. Yau ma'aikatan tsaftar muhalli sun yi ƙaranci, waɗanda ke nan ba su da abin hawa, amai da gudawa kuma na dawowa kusan duk damina. Gyaran famfon burtsatse da zuba sinadarin kulorin a rijiya sun fi sansanin kwalara araha nesa ba kusa ba. Manya ma suna ciki. Awon hawan jini minti biyu ne, ƙwayarsa ba ta da tsada, amma in aka bar shi ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, gona da gida ake sayarwa, kuma galibi mai ciyar da gidan ne ke kwance.

Ban manta da ƙananan hukumomin da 'yan bindiga da 'yan tayar da ƙayar baya suka rufe wa asibitoci ba, a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno da sauransu. Mutanen can suna sansanoni da garuruwan da suka yi gudun hijira, a cunkushe, inda ƙyanda ke fi saurin yaɗuwa. A nan ma kuɗin fita ne ke kai musu allura.

Masu girma, kuna gabatar da kasafi ga majalisunku a ƙarshen kowace shekara. Ina roƙon a na gaba a ga layi na musamman na rigakafi, daban da na gine-gine, da doka a bayansa da za ta hana a karkatar da shi. A saki kuɗin allurar yau da kullum duk wata uku kai tsaye zuwa asusun asibitoci, a liƙa adadin a bangon kowane asibiti yadda mai unguwa da limami da shugabar mata za su karanta. A ɗauki matasan da kwalejojin kiwon lafiyarku ke yayewa suna zaune a gida, a tura su mazaɓunsu, domin da yawa daga cikinmu mun kusa ritaya kuma akwai asibitin da mutum guda ne ke riƙe da shi dare da rana. Kuɗin maganin damina kuwa su kasance a ƙasa tun watan Mayu, saboda horar da masu rabo da kai magani ƙananan hukumomi na cin makonni, zagayen farko kuma a yawancin jihohinku ba ya wuce Yuli.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin lafiya a matakin farko.